Soso da Tsumma: Kimiyyar da ke Cikin Wanke-wanke

Wanke-wanke aiki ne da ba ya ƙarewa a gidan Bahaushe. Idan an gama na safe, na rana na nan tafe, na dare kuma yakan kwana ya jira wayewar gari. Saboda sabo da aikin, da wuya a sami wanda ke tsayawa ya yi tunani a kan abin da ake yin wankin da shi. Uwar gida takan zaɓi sabulu mai kumfa, ta nemi ruwa mai kyau ko da saye ne daga hannun 'yan ga-ruwa, amma soson da za a cuɗa kwanon da shi yakan yi wata da watanni a jiƙe a gindin baho, har sai ya rududduge don kansa. Binciken masana ilmin halittu kuwa ya nuna cewa wannan ɗan abu da aka raina yana cikin kayan gida da suka fi tara ƙwayoyin bakteriya.

Maganar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, mutum 420,000 kuma su rasa rayukansu, cikinsu har da yara 125,000 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki idan aka kwatanta da yawan jama'arta. A nan Nijeriya, annobar amai da gudawa ta shekarar 2021 ta kama fiye da mutum 100,000, ta hallaka fiye da 3,500, kuma Jihar Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar wannan cuta, amma kwano da cokali da hannu su ma hanyoyi ne da ƙwayoyin gudawa da atuni da taifot ke bi su isa bakin yaro. Soso kuwa yana taɓa kowane kwano na gidan.

Ire-iren soso

Wanda ya zaga Babbar Kasuwar Katsina ko shagunan unguwanni, daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Ƙaura, zai tarar da aƙalla iri huɗu na soso.

Na farko shi ne soso na asali, wanda sauran suka ari sunansa. Shi tsiro ne mai yaɗo, ɗan dangin kabewa da duma da kankana, masana na kiran sa Luffa aegyptiaca. Yakan hau danga da katanga da damina, ya yi fure rawaya, na namiji daban na mace daban a jikin tsiro guda, ƙudan zuma su yi masa barbara. Idan ɗan ya nuna ya bushe, sai a ɓare ɓawon, a kakkaɓe baƙaƙen 'ya'yan da ke ciki, a sami wannan saƙa mai kaushi. Saƙar ba komai ba ce illa jijiyoyin da suka riƙa kai ruwa da abinci cikin ɗan lokacin yana ɗanye. An gina su da selulos da lignin, wato sinadaran da ke bai wa itace ƙarfi. A Indiya da Sin har miya ake yi da ɗanyen soso tun yana ƙarami.

Na biyu shi ne soson buhu, wanda ake yankowa daga buhun shinkafa ko na gari ko ragar albasa. Zarensa na wata irin roba ce mai suna folifurofilin, wadda ba ta shan ruwa ko kaɗan.

Na uku shi ne soson katifa, mai taushi da ƙananan ƙofofi birjik. Ana yin sa da robar foliyuritan, wadda Otto Bayer da abokan aikinsa suka fara haɗawa a Jamus a shekarar 1937. Wani yakan zo da gefe ɗaya kore mai kaushi domin dirza.

Na huɗu shi ne soson ƙarfe ko soson waya, wanda ake kankare ƙanzo da baƙin tukunya da shi.

Baya ga waɗannan akwai buroshi mai mariƙi, akwai tsumma, sannan akwai toka da yashi, waɗanda kakanni suka daɗe suna goge tukwane da su. Kowannensu yana da inda ya fi dacewa, kuma abubuwa biyu ne ke raba su: yadda suke riƙe ruwa, da yadda suke karce abin da aka goga su a kai.

Abin da ke zaune cikin soso

Tun a shekarar 1676 Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya hango ƙananan halittu suna motsi cikin ɗigon ruwa ta madubin da ya ƙera da hannunsa. Waɗannan halittu, waɗanda ake kira bakteriya, abubuwa uku suke buƙata domin su hayayyafa: danshi, abinci da ɗumi. Soson da aka gama wanke kwanon miya da shi aka jefa cikin baho ya haɗa duka ukun. Ruwa na cikinsa, maiƙo da ɓurɓushin tuwo sun maƙale a ƙofofinsa, zafin Katsina kuwa, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da ma'auni kan kai digiri 40, ya yi kusa da ɗumin jikin mutum, wanda shi ne ƙwayoyin cuta suka fi so.

Bakteriya ba ta haihuwa kamar dabba. Rabuwa take yi gida biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. Irin wadda ake kira Escherichia coli, mai zama cikin hanjin mutum da na dabba, tana iya rabuwa duk bayan minti 20 idan ta sami yadda take so. A lissafi, ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Ke nan soson da aka ajiye a jiƙe bayan sallar isha'i, kafin asuba ya sami isasshen lokacin cika.

A shekarar 1998 masu bincike a Jami'ar Arizona ta Amurka, cikinsu har da Charles Gerba, suka auna wurare daban-daban a gidaje 14. Sun tarar da cewa soso da tsumman kicin sun fi kowane wuri yawan ƙwayoyin da ke nuna gurɓata da bayan gida, sun ma zarce mazaunin masai nesa ba kusa ba. Dalili shi ne mazaunin yakan bushe, soso kuwa kullum a jiƙe yake.

A shekarar 2017 kuma Markus Egert da abokan aikinsa na Jami'ar Furtwangen a Jamus suka binciki soson katifa guda 14 da aka karɓo daga gidaje. Sun sami bakteriya iri 362, kuma a wasu sassan soson yawansu ya kai biliyan 54 a cikin santimita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, wato wurin da bai kai girman dunƙulen magi ba. Wannan adadi ya kusa ninka yawan mutanen duniya sau bakwai. Cikin waɗanda suka fi yawa akwai Moraxella osloensis, wadda ke jawo warin nan da ake ji a jiƙaƙƙen tsumma. Don haka soson da ya soma wari ya riga ya ba da shaida a kan kansa.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan ƙwayoyi ba sa cutar da mai lafiya. Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka wanke wuƙa ko tiren da aka gyara ɗanyar kaza a kai, ko aka yi amfani da ruwan da ya gurɓata, sai mugayen ƙwayoyi irin su Salmonella da Campylobacter su shiga soson. Daga nan sai ya rarraba su ga kofin shan ruwa da kwanon kunun jariri.

Har ila yau, bakteriya ba a warwatse suke zama ba. Sukan fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu, su manne da zaren soson. Shi ne santsin da ake ji idan an taɓa tsohon soso. Yauƙin yana kare su daga sabulu, shi ya sa ɗauraya kaɗai ba ta raba su da wurin. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka a shekarar 2022 ya nuna cewa ginin soson kansa, mai manya da ƙananan ɗakuna, yana bai wa iri-irin bakteriya damar zama tare, masu son cunkoso da masu son kaɗaici kowa ya sami wurinsa.

Bushewa ita ce makami

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa a cikin buƙatun nan uku, danshi ne ya fi sauƙin hanawa. Ba mai iya sauya zafin gari, kuma da wuya a raba soso da ragowar abinci gaba ɗaya, amma kowa na iya shanya shi.

Masu bincike na cibiyar Nofima ta ƙasar Norwe, a ƙarƙashin Trond Møretrø, sun kwatanta soso da buroshi a shekarar 2021. Da suka zuba musu Salmonella suka bar su suka kwana, sai ƙwayoyin suka ragu ƙwarai a jikin buroshi saboda ya bushe, a cikin soso kuwa suka ci gaba da rayuwa. Bugu da ƙari, mariƙin buroshi yana raba hannu da dattin.

Idan aka auna ire-iren soson Katsina da wannan ma'auni, soson katifa ne a ƙarshe, domin ƙofofinsa ƙanana ne kuma yakan wuni bai bushe ba. Soson buhu da ragar albasa suna saurin bushewa, tun da zarensu ba ya shan ruwa. Sai dai wajibi ne a tabbatar buhun na abinci ne, domin wanda aka zuba takin zamani ko iri mai magani ko maganin ƙwari a ciki bai dace ya kusanci kwano ba, kome wankin da aka yi masa. Idan kuma ya tsufa yakan zubar da ƙananan zare na roba, waɗanda ba sa ruɓewa.

Soson gargajiya yana tsakiya. Ƙofofinsa manya ne, iska na ratsa shi, yana bushewa da wuri idan an rataye shi. Ga shi da araha, har ana iya shuka shi a bayan ɗaki, in ya ƙare kuma ya ruɓe ya koma ƙasa. Amma shi ma ba a bar shi a baya ba wajen tara ƙwayoyi idan ya zauna a jiƙe. Edward Bottone da abokan aikinsa na asibitin Mount Sinai a birnin New York sun nuna a shekarar 1994 cewa bakteriya iri-iri na hayayyafa cikinsa, suka kuma ba da shawarar a riƙa jiƙa shi a ruwan bilic lokaci-lokaci.

Yanayin Katsina yana taimakawa a mafi yawan watannin shekara. Da hunturu da bazara iska a bushe take, soson da aka matse aka rataye a igiya ba ya daɗewa. Da damina ne, musamman a watan Agusta, ake buƙatar ƙarin kula, domin iska na ɗauke da laima kuma rana kan ɓuya. A lokacin ne kuma cututtukan gudawa suka fi yaɗuwa. Dabarar ita ce a mallaki soso biyu, ana aiki da ɗaya ɗayan na shanye.

Kowane kwano da sosonsa

Ma'auni na biyu shi ne tauri. A shekarar 1812 Friedrich Mohs, wani Bajamushe masanin duwatsu, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 bisa ƙa'ida ɗaya: mai tauri yana karce wanda bai kai shi ba. Lu'ulu'u ne na 10. Ƙwayar yashi tana kan 7, gilashi kimanin 5 da rabi, alminiyon kuwa bai kai 3 ba. Wannan jeri ya isa ya nuna abin da ya kamata a goga a kan me.

Yashi yana karce kusan duk abin da ke kicin. Kwanukan langa da fanteka ƙarfe ne da aka lulluɓe da siririn gilashi. Idan yashi ko soson ƙarfe ya cinye wannan rufi, sai tsatsa ta sami hanya. Kwanon roba kuwa da zarar ya karce, kowane zane ya zama kwari da maiƙo ke kwanciya a ciki, inda soso ba ya kaiwa. Haka ma tukwanen zamani da abinci ba ya kamawa a cikinsu: rufinsu mai laushi ne, soso mai taushi kaɗai ya dace da su. Ƙwarya da akushi da muciya da ludayi asalinsu tsiro ne, suna da ƙananan ƙofofi masu shan ruwa. Soson gargajiya ya ishe su, sannan a kife su a rana su bushe sarai, musamman ƙwaryar fura da nono.

Tukwanen alminiyon, waɗanda aka fi sani da tukwanen dalma, suna buƙatar bayani na musamman. Alminiyon yakan haɗu da iskar oksijin ya yi wa kansa wata siririyar fata mai duhu-duhu, wadda ke rage narkewar ƙarfen cikin abinci. Mai dirzar cikin tukunya da soson ƙarfe har sai ya yi ƙyalli yana kankare wannan kariya ne. Abin ya fi muhimmanci ga tukwanen da maƙera ke zubawa daga tsofaffin ƙarafa. Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland ta Amurka da abokan aikinsa sun auna irin waɗannan tukwane daga Kamaru a shekarar 2014, da wasu 42 daga ƙasashe goma a shekarar 2017, suka tarar da dama daga cikinsu suna sakin gubar dalma idan an dafa abu mai tsami. Wannan guba kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka a bar soson ƙarfe ga bayan tukunya, inda baƙin hayaƙi yake. Idan ƙanzo ya kama, a zuba ruwa a bar shi ya jiƙa, zai saki da kansa.

Akwai wani haɗari kuma. Tsohon soson ƙarfe yakan kakkarye, guntun waya ya maƙale a tukunya ya shiga abinci. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum shida a wani asibitin jihar Rhode Island da suka haɗiye wayar buroshin goge abin gashin nama, wasunsu sai da aka yi musu tiyata. Soson ƙarfen da ya fara tsatsa ko zubar da waya ya gama aikinsa.

Toka da sabulu

Ruwa da mai ba sa haɗuwa, shi ya sa ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙo. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai biyu, ɗaya mai kama mai, ɗaya mai kama ruwa. Aikin soso shi ne ya farfasa maiƙon ya ɗaga shi, sabulu ya kewaye shi, ruwan ɗauraya ya tafi da shi tare da ƙwayoyin da ke ciki. Wato ainihin aikin sabulun wanke-wanke shi ne kwashe ƙwayoyi daga kan kwano, don haka ɗauraya da ruwa mai tsafta ba ta da madadi.

Tokar itace tana ɗauke da gishirin fotash mai kaifi irin na kanwa, wanda ke narkar da mai. Da irin wannan ruwan toka ake haɗa sabulun salo. Tankaɗaɗɗiyar toka ta fi yashi laushi, kuma tana aiki sosai a bayan tukunya idan sabulu ya yanke. Sai dai ta zama ta itace ko kara zalla, ba ta bolar da aka ƙona leda da batir a ciki ba, kuma kada a bar tukunyar alminiyon ta kwana a ruwanta, domin yana cin ƙarfen.

Tsumma

Tsumman kicin ya fi soso yawo. Da shi ake sauke tukunya, a goge hannu, a share tabarma ko tebur, wani lokaci har a goge faranti kafin a zuba wa baƙo abinci. Elizabeth Scott da Sally Bloomfield sun nuna a Ingila a shekarar 1990 cewa bakteriya na iya kwana da rai a jiƙaƙƙen tsumma, kuma taɓawa ɗaya ta isa ta kai su ga yatsu ko ga kwano mai tsafta. Saboda haka kwanon da aka ɗauraye ya fi kyau a kife shi a kwando a kan wani abu mai tudu, inda kaji da awaki ba sa kaiwa, ya tsane da kansa. Da ya bushe sai a shigar da shi a rufe, saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Tsumman hannu daban, na tukunya daban, na ƙasa daban, kuma bambanta launinsu yana hana ruɗewa. Farin yadin auduga ya fi, domin yana jure tafasa kuma ba ya ɓoye dauɗa.

Kula da soso

Bayan kowane wanke-wanke a wanke soson da sabulu, a ɗauraye, a matse, a rataye shi inda rana da iska ke samunsa. Sau biyu ko uku a mako a tafasa soson gargajiya da tsumma na minti biyar. Wanda ba ya jure tafasa a jiƙa shi na minti goma a ruwan bilic, cokali biyu na cin abinci a cikin lita ɗaya ta ruwa, sannan a ɗauraye. Ba a haɗa bilic da wani maganin wanki, domin yana iya fitar da iska mai guba, kuma ba a sa soson ƙarfe a ciki.

Tafasa da bilic suna rage ƙwayoyi ne na ɗan lokaci, waɗanda suka tsira kuma sukan sake cika wurin. Shi ya sa masu binciken Furtwangen suka ba da shawarar sauya soson katifa kowane mako. Inda hali bai kai ba, a yanka soso gida biyu ko uku a riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya, domin ƙarami ma ya fi saurin bushewa. A ware soso na musamman ga kayan da ɗanyen nama ya taɓa, musamman a kwanakin Babbar Sallah, wani kuma ga kwanon jariri. Wajen wankin a fara da kofuna, sai kwanukan ci, tukwane su zo a ƙarshe, kuma a sauya ruwa idan ya yi kauri. Wannan tsari ya fi zama dole a makarantun kwana da wuraren masu sayar da abinci, inda soso ɗaya kan bi ta kan ɗaruruwan kwanuka a wuni.

Gwaji domin ɗalibai

Malamin kimiyya zai iya tabbatar da wannan bayani a aji ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A yanko soson gargajiya, na buhu, na katifa da tsumma, duka sababbi kuma girmansu ɗaya. A auna nauyin kowanne a bushe, a tsoma a ruwa na minti ɗaya, a matse sau ɗaya, a sake aunawa. Bambancin nauyin shi ne ruwan da ya riƙe. Sai a rataye kashi ɗaya a rana, kashi ɗaya a inuwa, na uku a bar shi cikin kwano, ana aunawa duk rabin awa ana rubutawa. Daga nan ɗalibai su zana jadawali, su gano wanda ya riga komawa nauyinsa na farko. Idan aka yi gwajin a watan Janairu aka maimaita a watan Yuli, za a ga tasirin laimar iska ƙarara.

Kammalawa

A taƙaice, soso na gari shi ne wanda ke saurin bushewa, ba ya karce kwanon da aka yi shi dominsa, kuma bai yi tsadar da za a ji ƙyashin jefar da shi ba. Bisa wannan, soson gargajiya da buroshi da ragar buhun abinci sun fi dacewa da aikin yau da kullum, soson katifa sai ga mai iya sauya shi a kai a kai, soson ƙarfe kuma ga bayan tukunya. Igiya da rana ba a sayen su, kuɗin sabon soso kuma bai kai na ledar ƙarin ruwa ɗaya a asibiti ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.